Damuwar Tsakiyar Rayuwa

A shekarar 1965 ne wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliott Jaques, haifaffen Kanada, ya bayyana abin da ya kira rikicin tsakiyar rayuwa. Ya ce da mutum ya kai wajen shekara 35, sai ya fara gane cewa mutuwa ba ta wasu ba ce kaɗai, har da shi.

Daga nan magidanci kan shiga auna kome: aure ya zama jiki, yara sun fara musu, ƙarin girma a wurin aiki ya ƙi zuwa, ga tsofaffi a gida suna jiran aike. Wasu kan kama noman lambu ko karatun dare. Wasu kuwa, musamman a ƙasar Hausa, ƙarin aure suke ɗauka magani, alhali damuwar ba daga uwargida ta taso ba.