Jirgin da Aka Sayo da Motar da Ba Ta Zo Ba

A watan Yulin 2020, rundunar sojan ƙasa ta ɗauko bikinta na shekara ta kawo shi Faskari. Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, wanda ke shugabantar rundunar a lokacin, ya ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity daga babban sansanin da aka kafa a garin, makonni kaɗan bayan kisan gillar da 'yan bindiga suka yi a ƙauyen Kadisau. An ga motoci masu sulke, an ga sojoji birjik. Wata biyar bayan haka, daren 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Faskari, suka kora ɗaruruwan yara a ƙafa zuwa dajin Zamfara. Shugaba Buhari yana Daura a daren. Yara 344 da suka dawo bayan kwana shida, tattaunawa ce ta fito da su.

Duk lokacin da aka karanta kasafin kuɗi na ji kason tsaro ya ƙaru, wannan dare nake tunawa. A kasafin 2025 Shugaba Tinubu ya gabatar da naira tiriliyan 4.91 domin tsaro. Kuɗi ne mai nauyi, sai dai abu biyu ne ke gogayya a kansa: sayen kayan yaƙi, da kuma zama cikin shiri. Mutane kan ɗauka ɗaya ne. Ɗan Sabuwa, a wannan yanki na Katsina, ya san ba ɗaya ba ne.

A ba kayan yaƙi haƙƙinsu. Ɓarayin da ke dajin Rugu da dazukan da suka haɗe Sabuwa da Birnin Gwari ba da sanda da adda suke yawo ba. A Yulin 2021 sun harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a sararin Zamfara, matuƙin ya tsira da ƙyar. Wanda zai tunkare su da tsohuwar bindiga ya sayar da ransa arha. A watan nan ne kuma rukunin farko na jiragen Super Tucano goma sha biyu, waɗanda aka sayo daga Amurka kan kusan dala miliyan 500, ya iso Najeriya. Akwai maɓoyar da ƙafa ba ta kaiwa, sai ta sama.

Amma jirgi yana jefa bom ne inda aka nuna masa. Idan mai nunin ya yi kuskure, Tudun Biri ke nan: a Disambar 2023 jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a jihar Kaduna, mutum sama da tamanin suka rasu. Na'urar ba ta lalace ba, labarin da aka ba ta ne gurɓatacce. Jirgi kuma ba ya kwana a ƙauye. Ya yi ruwan wuta ya koma, waɗanda suka tsira sai su huce a kan garin da ya fi kusa, suna zargin mutanensa da kai rahoto.

Shi kuwa shiri ba ya hoto, shi ya sa ɗan siyasa ba ya ɗokinsa. Ba a yanka masa zare, ba a gayyato 'yan jarida. Shiri shi ne man da ke cikin tankin mota da ƙarfe biyun dare, da tayar da aka sauya kafin ta fashe, da makanikin da ke da kayan gyara a hannu. Shi ne gadar da za ta ɗauki mota a tsakiyar damina, don ɓarawo a kan babur yake, mutum uku-uku, ta hanyar shanu, inda mota mai sulke za ta kafe a taɓo. Shi ne kwamandan da aka ba ikon tashi da an kira shi, ba sai ya jira umarni daga Katsina ko Abuja ba. Ƙorafin da ya fi yawa a bakin mutanen yankin ba wai soja ba shi da bindiga ba ne. Cewa suke yi: mun ga tahowarsu tun la'asar, mun buga waya, ba a zo ba sai da gari ya waye.

Sai cikin sojan kansa. Sai a 2025 aka ɗaga kuɗin abincinsa na yini daga naira 1,500 zuwa 3,000. Duk wanda ya je kasuwar Funtuwa ya san iyakar abin da wannan zai saya. Mutumin da ya shekara a daji ba hutu, iyalinsa na jiran alawus, ko wace irin bindiga aka rataya masa, rabin hankalinsa na gida.

Inda shiri ya fi rauni, a ganina, shi ne amana. Da ɗan gari akan ci gari, ɓarayin kuwa sun riga gwamnati gane haka, suna da masu tsegunta musu a tasha da kasuwa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, don a toshe musu kunne. An toshe, amma an haɗa da bakin talakan da zai nemi agaji. Gwamna Dikko Raɗɗa ya bi ta wata hanyar a Oktoban 2023, ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma kusan 1,500, matasan da suka san kowane rafi da kowace burtali. Kuɗin da aka kashe musu bai kama ƙafar na jiragen nan ba, amma su ne ke kwana a garin.

A 2025 kuma shugabannin al'umma a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka zauna sulhu da 'yan bindiga. Ɓarayin sun zo taron da bindigoginsu a kafaɗa, ba wanda ya ce su ajiye. Dattawan da suka zauna a gabansu sun san da jiragen, sun sha jin rugugin wucewarsu. Gona suke so su shiga kafin ruwa ya ɗauke.