WUƘAR ARO TA DAWO DA GIƁI

Wata rana a ajinmu na yamma, wani ɗalibi ya zo ransa a ɓace. Manomi ne, yana da fili a gefen hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Da aka tashi ya zaro wata wuƙa daga kube ya nuna mini, ya ce, "Malam, dubi abin da aro ya jawo mini." Wuƙar ta mahaifinsa ce. Maƙwabcinsa ya ara don ya gyara kwandunan tumatir, ta yi kwana goma a hannunsa. Ta dawo da giɓi biyu a kaifi, tsininta ya karye, tsatsa ta kama ta, ƙota kuma tana girgiɗi.

Ya ce zai jefar da ita, kuma shi da maƙwabcin nan ko gaisuwa. Na ce masa ya yi haƙuri, wuƙa tana gyaruwa, zumunci ma haka. Ga abin da muka yi, ku ma ku koya.

Abin da ke ɓata wuƙa a wurinmu

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya samu a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina. Wannan alheri ne babba. Amma inda ruwa yake, nan tsatsa take. Tsatsa ba kome ba ce sai abin da ke fitowa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Ruwan tumatir yana da tsami, takin zamani kuma yana da gishiri-gishiri. Su biyun suna sa tsatsa ta yi sauri. Wuƙar maƙeri ta fi ta kanti saurin tsatsa, amma ta fi ta daɗin washi.

Giɓi kuwa, yawanci daga aikin da ba nata ba yake zuwa. Wuƙa ta yanka ce. Ba a sare waya da ita, ba a ɓamɓare murfin gwangwani da tsininta, ba a haƙa da ita.

Na fari, a fid da tsatsa

Ka sami toka mai laushi, ka kwaɓa ta da ɗan ruwa. Ka sa tsumma ka yi ta goga ruwan wuƙar, daga gadon baya zuwa kaifi, don kada ka yanke. Idan tsatsar ta yi kauri, ka matsa lemon tsami a kai, ka bar shi kaɗan, sa'an nan ka goge da toka. Ka wanke, ka shanya ta sarai nan take. Baƙin tabon da ya rage ba ya hana kome, kada ka dame shi.

Na biyu, a ci giɓi

Ka dubi giɓin da kyau. Idan bai fi ƙwayar gero ba, kai ma ka iya gyarawa. Ka kafa wuƙar a kan kututture, ka sa magagari ka ci kaifin duka, daga ƙota har tsini, har ya sauko daidai da gindin giɓin. Kada ka ci wurin giɓin kaɗai. In ka yi haka, kaifi zai yi kwari a tsakiya, ba zai zauna a kan abin da kake yankawa ba. Tsinin da ya karye kuma, ta gadon baya ake cinsa, a karkato da shi har ya haɗu da kaifi. Wuƙa za ta ɗan rage tsawo, amma ta sami sabon tsini.

Idan giɓin ya yi zurfi, ko ƙarfen ya lanƙwashe, sai maƙeri. Shi ne zai sa ta a wutar gawayin ƙirya, ya koɗa ta a kan uwar maƙera, ya tsoma ta a ruwa ko a mai don ta taurare. Wannan sana'a ce, kada ka gwada a murhun gida. Ƙarfen da ya sha wuta ba bisa ƙa'ida ba yakan yi laushi, ko ya yi gautsi ya karye.

Haka kuma ka lura da masu injin washi. Inji yana da sauri, amma yana sa ƙarfe ya yi zafi. Idan ka ga bakin wuƙa ya koma shuɗi, to, wurin ya ƙone, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Ka ce wa mai inji ya riƙa tsoma ta a ruwa a kai a kai.

Na uku, washi

Mutane da yawa sukan goga wuƙa a jikin simintin hanyar ruwa. Wannan yana cinye ƙarfe a banza, kaifin kuma ba ya daɗewa. Ka nemi dutsen washi mai sumul, ka jiƙa shi. Ka kwantar da wuƙar a kansa, ka ɗaga gadon bayanta kamar kaurin ƙaramin yatsa. Ka riƙa tura ta a hankali, kamar kana so ka fere dutsen. Kada hannunka ya riƙa hawa da sauka. Ka yi sau goma a wannan gefe, ka juya ka yi sau goma a wancan. Ka ƙirga, ƙidayar da muka koya a aji ga ranarta.

Ka yi ta yi har ka ji wani ɗan kaushi siriri ya fito a bakin kaifi. Sa'an nan ka sassauta hannu. Daga ƙarshe ka goga ta a kan guntun fata, kana janta baya-baya, kaushin ya fita. Kada ka gwada kaifi da yatsa. Ka gwada da tumatir nunanne. Idan ta shige fatarsa ba tare da ta matse shi ba, ta yi.

Na huɗu, ƙota da kube

Ƙota mai girgiɗi ita ke yanka mai wuƙa. Idan ƙusa ce ta saki, a buga ta a kan ƙarfe ta kama. Idan icen ya tsage, a sassaƙa sabo da marke ko aduwa wanda ya bushe sarai. Ɗanyen ice yakan motse idan hunturu ya zo, sai ƙota ta sāke sakewa. Kube kuma in ya yage, a kai wa baduku ya ɗinke.

Kullum in ka tashi daga gona, ka wanke wuƙa, ka goge ta, ka shafa mata ɗigon man gyaɗa. Kada ka mai da ita kube da danshi. Kuben fata ma a shafa masa man kaɗe. Ka rataye ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Wanda kuma ya yanke a gona, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je asibiti, gama ƙasar gona tana ɗauke da cutar da ke sandarar da jiki.

Maganar aro

Ɗalibin nan ya yi aikin a yamma biyu, wuƙa ta dawo tana ƙyalli. Sa'an nan ya je wurin maƙwabcinsa ya nuna masa. Maƙwabci ya ji kunya, ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin sabuwar ƙota. Har yanzu tare suke ban ruwa.

To, jama'a, wanda ya ari abu, amana ya ɗauka. Ya mai da shi da wuri, yadda ya karɓa. In ya ɓaci, ya faɗa da bakinsa. Mai bayarwa kuma ya tambayi aikin da za a yi. Dabara ita ce ka aje wuƙa ta biyu mai araha don masu aro. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi

1. Me ke kawo tsatsa?
2. Don me ba a cin wurin giɓi kaɗai?
3. Me shuɗin launi a bakin wuƙa yake nunawa?
4. Rubuta abu uku da za ka yi wa wuƙarka in ka tashi daga gona.