Karayar Gwiwa Ba Ta Gidan Ɗori Ba Ce

Jama'a, don Allah a ji wannan da kunnen basira. Duk wanda ya faɗo daga babur, ko mota ta buge shi a gwiwa, wurin ya kumbura suntum har ya kasa taka ƙafa, kada a nufi gidan mai ɗori da shi. A wuce asibiti, a ɗauki hoton ƙashi a ranar.

Saman ƙashin ƙwauri, inda ƙashin cinya ke zaune, shi ke ɗauke da nauyin mutum. Idan ya tsage ko ya lotsa, tamkar daɓen ɗaki ne ya rufta, kara da tsumma kuwa ba sa ɗago abin da ya rufta a cikin gaɓa. Likita Joseph Schatzker na Kanada ya kasa wannan karaya gida 6 tun 1979, kuma waɗanda ƙashi ya goce a cikinsu galibi sai da tiyata: a ɗago inda ya lotsa, a cike gurbin da ɗan ƙashi daga ƙugu, a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. In ya haɗe a karkace, gwiwa ta sandare, ƙafa ta gwame, amosanin gaɓa ya shigo tun mutum na da sauran ƙarfinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne awannin farko. Jini kan taru a naman ƙwauri, ya matse jijiyoyi har tsoka ta fara mutuwa, kuma babbar jijiyar jini a bayan gwiwar take bi. Ɗauri mai tsauri a kan irin wannan ƙafa ƙara mata shaƙa ne. Ku duba da kyau: zafin da magani ba ya kwantarwa, ihu idan aka motsa yatsun ƙafa, ƙwauri ya yi tauri yana sheƙi, tafin ƙafa ya yi sanyi ko ya daina jin taɓi. Da an ga haka, a kwance ɗaurin nan take a nufi likitan tiyata, domin bayan kamar awa 6 tsokar da ta rasa jini ba ta dawowa. Masu cewa “a bari ya kwana, targaɗe ne” su ji tsoron Allah. Daga nan ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Kuɗin tiyata na da nauyi, ba a musu. Amma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna wannan aiki, dangi su yi karo-karo tun ƙafar na da rai. Idan likita ya kafa ƙarfe ta waje ya ce a jira kumburi ya saɓe, mako ɗaya ko biyu, ba wulaƙanci ba ne. Yanka fata mai kumburi da bororo kan jawo ruɓewar ciwo.

Bayan aiki kuma, a riƙe sanda, kada a ɗora wa ƙafar nauyi sai likita ya yarda, abin da kan kai wata 3. A je gashi don gwiwa ta lanƙwasu, mai shan taba ya ajiye ta, mai ciwon suga ya faɗa wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata.