Shin Ko Kun San? Lauya da Mai Rubuta Manhaja a Tebur Ɗaya

Shin ko kun san cewa a Faransa sai da magana ta kai kotu kafin jama'a su ga yadda kwamfutar gwamnati ke lissafa musu haraji? Wani ɗalibin ilimin tattalin arziki ne ya nemi a nuna masa asalin rubutun manhajar a 2014. Hukumar haraji ta yi ta jan ƙafa, har wata kotu a Paris ta yanke hukunci a watan Maris na 2016 cewa rubutun takardar gwamnati ce, kowa na da ikon gani. Afrilu na kamawa aka sake shi, aka tara masu rubuta manhaja da jami'an haraji a ofishin Mozilla, suka kwana biyu suna tsefe shi.

Ko kun san da wane yare aka rubuta shi? Sunansa M, harafi ɗaya tal. Ma'aikatan hukumar ne suka ƙirƙira wa kansu shi tun wajen 1990. Daga baya Denis Merigoux da abokan bincikensa suka gina Mlang, mai juya shi zuwa yarukan kwamfuta na zamani, suka gwada shi da misalan da hukumar ke auna nata lissafin.

Shin ko kun san akwai yaren kwamfuta da aka yi musamman don lauya ya iya karantawa? Catala ke nan, mai ɗauke da sunan Pierre Catala, farfesan shari'a ɗan Faransa. A cikinsa ana kawo sakin layi na doka yadda majalisa ta rubuta, a ƙarƙashinsa kuma a sa umarnin kwamfutar da ya dace da shi. Lauya da mai rubuta manhaja su zauna gaban allo guda, wannan ya ce ga abin da na rubuta, wancan ya ce a'a, ba haka doka ke nufi ba.

Me ya sa sai sun haɗu? Domin dokar haraji ba ta tafiya a miƙe, sai ta kafa ƙa'ida, sannan ta bi ta da "sai dai idan". Dubi sashe na 121 na dokar harajin Amurka, wanda aka gwada Catala a kansa. Wanda ya sayar da gidan da yake zaune, ba a taɓa ribarsa har dala 250,000, in ya zauna cikinsa shekara biyu a cikin biyar na baya. Ma'aurata masu cike takarda ɗaya, dala 500,000. Wadda mijinta ya rasu fa? Tana iya cin gajiyar ta ma'aurata in ta sayar cikin shekara biyu da rasuwarsa, muddin ba ta sake aure ba. Sojan da aka tura aiki nesa kuma, ana iya tsayar masa da ƙirgen shekarun. Mai manhaja shi kaɗai zai iya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan bai sani ba, kwamfuta kuwa ba ta tambaya, abin da aka ba ta shi za ta yi wa miliyoyin mutane. A ganina nan ne amfanin buɗe rubutun yake, ya fi batun samun manhaja kyauta. Da wannan zama na mutum biyu masu Catala suka gano kuskure a manhajar gwamnatin Faransa ta lissafin tallafin iyali.

Ko kun san manhajar lissafin haraji ta OpenFisca, da aka fara a Faransa a 2011, ta tsallako Afirka? An shigar da dokokin harajin Tunisiya da na Senegal a cikinta.

A Amurka kuwa, hukumar haraji ta IRS ta gwada Direct File a jihohi 12 a 2024, mutum ya cike takardar harajinsa kai tsaye ba tare da biyan ko sisi ba, kuma sama da mutum 140,000 suka yi. A 2025 ta kai jihohi 25, a watan Mayu aka ɗora rubutunta a GitHub. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta sanar da dakatar da shirin, amma a lokacin masu sha'awa sun riga sun kwafi rubutun.