FITILUN KIRSIMETI DA HAKKIN MAƘWABCI

A ƙasar Amurka, in watan Disamba ya kama, rana takan faɗi da wuri, har a birni kamar New York duhu kan soma kafin ƙarfe biyar na yamma. A wannan lokaci ne Kirista su ke shirin bikin Kirsimeti, watau tunawa da haihuwar Annabi Isa, ran 25 ga wata. Daga cikin al'adun bikin har da yi wa gidaje ado da fitilun lantarki. Sai ka ga maigida ya kafa tsani, ya jera ƙananan fitilu masu launi iri iri a bakin rufi, da tagogi, da itatuwan ƙofar gida. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya yi, har ya ɗara. Da haka unguwa duka takan haskake, mutane su riƙa zuwa kallo daga nesa.

Asalin abin daga cikin ɗaki ya fito. A dā Turawa kyandir su ke maƙala wa rassan itacen Kirsimeti, sau da yawa kuwa gobara takan tashi. A 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya jera fitilun lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a jikin itacen da ke gidansa a New York. A 1895 aka yi wa itacen fadar Shugaba Grover Cleveland irin wannan ado. Da farko sai masu hali ke iyawa. Amma da lantarki ya yaɗu, fitilu suka yi araha, sai ado ya fito daga ɗaki ya hau bango.

To, zuma da zaƙi da harbi. Ga labarin wani attajiri, Jennings Osborne, mutumin Little Rock, babban birnin jihar Arkansas, wanda ya yi arziki da sana'ar gwajin magunguna. A 1986 'yarsa, tana da shekara shida, ta roƙe shi ya sa wa gidansu fitilu. Ya sa guda dubu. Kowace shekara sai ya daɗa. Da wuri ya yi masa kaɗan, ya sayi gidajen nan biyu da ke dama da hagu da nasa, ya haɗa su cikin adon. Kafin 1993 fitilunsa sun haura miliyan uku, har da wata babbar siffar duniya da aka ƙera da haske zalla.

Gidan kuwa a bakin babbar hanya ya ke. Da magariba ta yi sai motocin 'yan kallo su cika titi, su tsaya cik. Wanda ya taso daga aiki sai ya daɗe bai kai ƙofar gidansa ba. Mutanen unguwa suka shiga zullumi, in wani ya kamu da ciwo da dare, ko wuta ta kama, ta ina motar asibiti ko ta kashe gobara za ta bi? A 1993 maƙwabta shida suka kai shi ƙara.

Osborne ya ce gidansa ne, kuɗinsa ne, bikin addininsa ne, kuma tsarin mulkin Amurka ya ba kowa ikon bayyana ra'ayinsa da yin ibadarsa. Alƙali bai hana shi ɗungum ba. Ya dai yanka masa iyaka, kwana 15 kaɗai, daga ƙarfe bakwai zuwa goma da rabi na dare. Bai gamsu ba, magana ta kai Babbar Kotun Arkansas. A 1994 kotun ta yanke hukunci cewa adon, yadda ya kai girman nan a cikin unguwar zaman mutane, ya zama cuta ga jama'a, dole a rage shi ƙwarai. Ya nemi Kotun Ƙoli ta Amurka ta shiga, ba ta karɓa ba.

Fitilun ba su lalace a banza ba. Kamfanin Disney ya ɗauke su zuwa filin wasanninsa a jihar Florida, inda a ke da wurin ajiye motoci da ma'aikatan da ke tsara taro. Aka soma kunna su can a 1995, aka ci gaba har Janairun 2016. Shi Osborne ya rasu a 2011. Abin da ya zama fitina a unguwa, da aka kai shi inda ya dace, sai ya zama abin sha'awa ga dubban mutane shekara ashirin.

Al'adar kam tana nan. A unguwar Dyker Heights ta Brooklyn, cikin New York, har motocin safa ke kawo baƙi kallon gidaje kowane Disamba. Fitilun zamani, waɗanda a ke kira LED, ba su shan lantarki kamar na dā, saboda haka kuɗin wuta ya ragu. Amma cunkoso da hayaniya da shara, waɗannan ba fitilar da ta rage su.

Masu karatu, musamman malamai da akawuna waɗanda koke-koken jama'a kan biyo ta hannunsu, sai a lura da yadda alƙalan nan suka auna maganar. Ba su ce addinin mutumin laifi ne ba, ba su kuma ce niyyarsa mugunya ce ba, don kuwa faranta wa 'yarsa rai ya sa ya fara. Abin da suka duba shi ne hanyar da ta toshe, da barcin da aka hana mutane. Ikon mutum a kan gidansa ya tsaya ne daidai inda hakkin na kusa da shi ya soma. Duk mai shirin shagali, kowane iri ne, kafin ya kafa tsani ko rumfa, ya kamata ya fara yin sallama a ƙofar maƙwabcinsa.