Daga Allo Zuwa Faranko-Arab: Yadda Hukuma Ke Amincewa da Makaranta a Nijar

A unguwar Wadata ta Yamai, bayan kasuwa da tashar mota, yaro ɗaya kan yi karatu iri biyu a yini: allo wajen malam da asuba, lakwal da hantsi. Duka karatu ne, amma ɗaya kaɗai ke ba da takardar da ma'aikatun gwamnati ke karɓa. Mahaddacin da ya sauke izu sittin, in ya nemi aikin hukuma, takardar birbe ko ta bak za a tambaye shi.

Wannan giɓi ne ya haifi madarasa. A 1957, kafin samun 'yancin kai, aka buɗe ta farko ta gwamnati a garin Say, don a jawo iyayen da ke gudun makarantar Nasara. Da farko ma'aikatar cikin gida ce ke kula da ita, alamar cewa sa ido ya fi koyarwa damun hukuma. Daga baya aka mayar da ita hannun ma'aikatar ilimi. Daga nan tsarin da ake kira Faranko-Arab ya bazu, tun daga firamare har lise, kuma a 1986 Jami'ar Musulunci ta Say ta fara karɓar ɗalibai.

Amincewar hukuma tana da farashinta. Mai son buɗe irin wannan makaranta sai ya samu izinin ma'aikata, ya bi manhajar ƙasa, ya yarda sufetoci su shigo aji. Larabci da addini suna nan, amma lissafi, kimiyya da Faransanci dole ne. Abin da yake samu shi ne ɗalibansa su zauna jarrabawar ƙasa kamar kowa.

Haka aka yi da karatu cikin harshen gida: a 1973 aka fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji.

Makarantar allo zalla dai har yanzu iyaye da jama'ar unguwa ke riƙe da ita. Shi ya sa uban da zai sa ɗansa madarasa mai zaman kanta ya kamata ya tambayi mai makaranta takardar izini, ya kuma ji ko ɗalibanta na zana jarrabawar ƙasa, kafin ya biya kuɗin shekara.