Maki Goma Ko Maki Ɗaya: Abin Da Alƙaluman Masu Kallo Ba Sa Faɗa Game Da The Walking Dead

A daren Lahadi, 23 ga Oktoba, 2016, mutum sama da miliyan 17 a Amurka suka kalli kashi na farko na zango na bakwai na shirin The Walking Dead a tashar AMC. Da mako ya zagayo, waɗanda suka dawo kallon kashi na biyu ba su kai miliyan 12 da rabi cif ba. Cikin kwana bakwai shirin ya yi asarar masu kallo fiye da miliyan huɗu, kuma har ya ƙare bai sake ganin taro irin na wancan dare ba. Amma wanda ya leƙa shafin IMDb, inda masu kallo ke bai wa fina-finai maki daga ɗaya zuwa goma, zai tarar da wannan kashi cikin waɗanda aka bai wa maki mai tsoka. Ta yaya kashin da aka yaba haka zai zama mafarin watsewar jama'a? Amsar tana koya mana yadda ya kamata mu karanta lambobin da ke maƙale a jikin kowane fim a intanet.

Labarin gawa mai tafiya, wadda ake kira zombi, ya samo asali ne daga ƙasar Haiti, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka riƙa ba da labarin matsafin da ke tayar da mamaci ya sa shi bauta a gona. Tsoron da ke cikinsa shi ne tsoron bautar da ko mutuwa ba ta 'yanta mutum daga gare ta. A 1968 George Romero ya sauya wa labarin fuska da fim ɗinsa Night of the Living Dead, inda matattu ke tashi su farauci masu rai. A kan wannan tubali Robert Kirkman ya fara fitar da labarinsa cikin zane a 2003, sannan Frank Darabont ya mai da shi shirin talabijin da ya fara fita ranar 31 ga Oktoba, 2010. Jigonsa wani ɗan sanda ne mai suna Rick Grimes, wanda ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya iske duniya ta rushe: ba hukuma, ba kasuwa, ba doka, sai gawarwaki suna yawo a titi. Mutum miliyan biyar da 'yan kai suka kalli kashin farko. Zuwa Oktoban 2014, buɗe zango na biyar ya tara miliyan 17.3, adadin da shirin bai taɓa wucewa ba.

Abin da ya riƙe wannan taro shi ne mutanen cikin labarin, domin gawarwakin ba su da magana, ba su da hali, ba sa canzawa. Mai kallo yana dawowa ne don ya ga wa zai ci amana saboda gwangwanin abinci, wa zai riƙe mutuncinsa bayan komai ya lalace. A cikin masu riƙe mutunci babu kamar Glenn, matashin da Steven Yeun ya fito a matsayinsa. Kafin duniya ta rushe, kai abinci gida-gida ne sana'arsa. Shi ya ceci Rick a birnin Atlanta tun farkon labarin, ya auri Maggie, ya zama shaidar cewa ana iya tsira ba tare da zuciya ta ƙeƙashe ba.

Tun a zango na shida masu shirin suka fara wasa da wannan ƙauna. A Oktoban 2015 aka nuna Glenn ya faɗo daga kan kwandon shara cikin dandazon gawarwaki, aka ɗauki hoton yadda kowa zai ɗauka cinye shi ake yi, har aka cire sunan jarumin daga jerin sunayen farkon shiri. Bayan 'yan makonni sai ga shi da ransa, ashe ya ɓuya a ƙarƙashin kwandon. Sai kuma kashin ƙarshe na zangon, ranar 3 ga Afrilu, 2016. An kama Rick da mutanensa cikin daji da dare, an durƙusar da su a jere. Negan, shugaban wata tawagar 'yan ƙwace, ya fito riƙe da kulkin da aka nannaɗe da waya mai ƙaya, ya ce sai ya kashe ɗaya daga cikinsu. Da ya ɗaga kulkin, sai kyamara ta koma idon wanda ake duka, jini ya rufe fuskar talabijin, shiri ya ƙare ba a nuna ko wane ne ba. Masu kallo suka fusata, makin kashin ya sauka ƙasa da abin da shirin ya saba samu a wancan lokaci, aka bar su da jira na sama da wata shida.

Da ranar ta zo, an ba su amsa har ta yi yawa. Negan ya fara da Abraham, tsohon soja. Daryl, ɗaya daga cikin mutanen Rick, ya kasa daurewa ya kai wa Negan naushi, Negan kuwa ya huce a kan Glenn, a gaban matarsa mai juna biyu. Darakta Greg Nicotero, wanda gwani ne wajen haɗa raunukan fim, bai kawar da kyamara ba. An nuna abin dalla-dalla. Daga nan Negan ya tilasta wa Rick ɗaga gatari zai sare hannun ɗansa Carl, sai da ya ga ya karye gaba ɗaya sannan ya dakatar da shi. Mutuwar Glenn ta wannan hanya tana nan a fitowa ta 100 ta labarin zanen tun 2012, don haka masu shirin suna da hujjar cewa asali suka bi. Duk da haka wasu sun kai ƙorafi ga hukumar sadarwa ta Amurka, ra'ayin masu sharhi a jaridu ya rabu, kuma a Janairun 2017 furodusa Gale Anne Hurd ta bayyana cewa sun rage zubar da jini a wasu kashin da suka biyo baya.

Ma'auni uku aka ɗora wa wannan kashi, kowanne da abin da yake aunawa. Kamfanin Nielsen yana ƙiyasta yawan masu kallo ta hanyar bibiyar wasu gidaje da aka zaɓa su wakilci ƙasa. Miliyan 17 na wancan dare sun nuna ƙarfin son sanin wanda aka kashe, abin da aka dasa tun Afrilu. Jin daɗin mutane ko ɓacin ransu sai a alƙaluman mako na gaba ake ganinsa. Shafin Rotten Tomatoes, wanda aka kafa a 1998, yana tara sharhin ƙwararru ya raba shi gida biyu, yabo ko suka, sannan ya fitar da kason masu yabo cikin ɗari. A wannan lissafi, wanda ya ce fim ya yi dama-dama da wanda ya ce bai taɓa ganin kamarsa ba duk ƙuri'a ɗaya ce. IMDb kuwa, wanda Col Needham ya fara a 1990 kuma Amazon ya saya a 1998, ya buɗe ƙofa ga duk mai rajista, kuma yana fitar da matsakaicin maki ta wata hanyar lissafi da bai bayyana ta ba, don hana maguɗi.

Raunin wannan ma'auni na uku shi ne masu jefa ƙuri'ar su ne suka zaɓi kansu. Wanda abu ya girgiza shi yakan garzaya ya ba da goma tun jikinsa na rawa. Wanda ya fusata yakan ba da ɗaya don ya rama. Mafi yawan jama'a, waɗanda suka kashe talabijin suka ce sun gaji, ba sa zuwa su rubuta komai. Shi ya sa makin kashin ya yi sama alhali gidaje na ta janyewa. Haka kuma, duk lokacin da shiri ya daɗe, masu ba shi maki sukan koma tsantsar masoyan da suka rage, sai makin ya riƙa nuna ra'ayin waɗanda suka zauna kaɗai.

Abin yakan juye ma. Kashin ƙarshe na shirin Game of Thrones, ranar 19 ga Mayu, 2019, ya tara mutum miliyan 13.6 a nunin farko a tashar HBO, adadi mafi girma a tarihin shirin, amma makinsa a IMDb yana wajen huɗu cikin goma. Akwai kuma taron dangi, inda ake haɗa baki a yi wa fim ruwan maki ɗaya saboda ƙin jarumi ko wata manufa, wani lokaci tun kafin a kalle shi. Wannan ya sa a 2019 Rotten Tomatoes ya hana masu kallo rubuta ra'ayi kan fim kafin fitowarsa, daga baya ya fara tantance waɗanda suka sayi tikiti. Netflix ma a 2017 ya soke taurari biyar ya koma alamar babban yatsa sama ko ƙasa.

Adalci ne a ce ba kashi ɗaya ne ya durƙusar da The Walking Dead ba. Labarin yaƙi da Negan ya ja har zango biyu, kuma a shekarun nan Amurkawa da yawa suka bar kallon kai tsaye suka koma manhajoji. Amma akwai abin lura. Lokacin da Angela Kang ta karɓi ragamar rubutu a zango na tara a 2018, masu sharhi sun yi ta yabon cewa shirin ya farfaɗo, sai dai buɗe zangon mutum miliyan shida kawai ya tara. Da aka rufe shirin ranar 20 ga Nuwamba, 2022, bayan zango 11 da kashi 177, masu kallon kai tsaye ba su kai miliyan uku ba. An gyara aikin, amma waɗanda suka ji an yi wasa da hankalinsu sun riga sun tafi. Mai ba da labari yana da ikon kashe wanda ya ga dama. Abin da mai sauraro ba ya yafewa shi ne ya gane ana jan zuciyarsa ne kawai don a tsare shi har mako na gaba.

Wannan darasi ya shafi masu shirya fina-finanmu masu dogon zango, waɗanda ke auna nasararsu da yawan kallo da sharhin da ake zubawa a YouTube. Masu rubuta sharhi 'yan kaɗan ne cikin masu kallo, kuma su ne mafiya zafi. Marubucin da ya riƙa karkata labarinsa don faranta musu, ko don tayar musu da hankali su ƙara surutu, zai iya rasa dubban da ba su taɓa rubuta masa ko kalma ɗaya ba.

Mai kallo ma yana da nasa nauyin. Ba da maki shaida ce a kan aikin da ɗaruruwan mutane suka yi wa gumi, kuma wani zai dogara da ita ya kashe kuɗinsa da lokacinsa. Wanda ya ba da ɗaya don haushin an kashe jarumin da yake so ya tauye mudu, haka ma wanda ya ba da goma don kawai ɗan gidansa ne ya fito. Kafin mutum ya yarda da lambar da ya gani, ya duba mutum nawa suka jefa ƙuri'a, ya duba ko makin ya taru a tsakiya ko ya rabu tsakanin goma da ɗaya, sannan ya karanta sharhin waɗanda suka ba da shida ko bakwai, domin su suka fi kawo dalili. In kuma shi ne zai rubuta, ya bari fushinsa ko murnarsa ta lafa, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya sa ya yanke hukuncin da ya yanke.